WUTA BA TA WANKE GIYA: HUKUNCIN KOFI DA KEK ƊIN DA AKA ZUBA WA BARASA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da ya halatta mana masu daɗi, ya haramta mana masu cutarwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.



Tambayoyi biyu suka zo mini cikin 'yan kwanakin nan. Masu su ba su san juna ba, amma amsarsu ɗaya ce, shi ya sa na ga ya dace in haɗa su a nan don kowa ya amfana.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a nan Tambuwal, mai sana'ar kek na biki da suna. Ta hannun maiɗakina ta aiko. Ta kwashi adashinta ta tafi wani babban birni koyon sana'a na mako biyu. A can aka koya musu wani kek ɗin cakulet mai danƙo da ake kira burawni, aka tuttula rabin kwalbar baƙar giya, wato sitawut, cikin kwaɓin. Sannan ta sayo bokitin zabibi da busassun 'ya'yan itace da aka jiƙa a barasa, don kek ɗin wani biki da aka ba ta a Kebbe. Ta riga ta karɓi rabin kuɗin aikin. Ta ce: "A gaya ma Malam, mai koya muna ta ce in anka gasa, wuta na cinye giyar duka, ƙamshi ɗai ka saura. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Mi za ni yi da wanga bokiti?"

Ta biyu daga wani matashi ne ɗan Kebbe da ke aiki a Legas. An kai su cin abincin dare a wani otal, da aka gama aka kawo takardar abin sha. Ya tsallake duk abin da ya san giya ne, ya zaɓi kofi, wanda aka rubuta masa suna Irish coffee. Ya sha rabi, ya ji ƙirjinsa ya ɗauki wani zafi, sai abokin aikinsa ya yi dariya ya ce ai da wuski a ciki. Ya kira ni murya na rawa: "Allah gafarta Malam, sallata ta kwana arba'in ta tafi ke nan?"

Kafin hukunci, mu san abin tukuna. Malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci yadda yake.

MENE NE WAƊANNAN ABUBUWA?

Irish coffee abu huɗu ne: kofi mai zafi, sukari, wuski na ƙasar Ailan, da kirim a sama. An fara yin sa ne a farkon shekarun 1940 a Foynes, wata tashar jiragen sama masu sauka kan ruwa a yammacin Ailan. Wani mai dafa abinci, Joe Sheridan, shi ya riƙa zuba wa fasinjoji wuski a kofi don maganin sanyi. A 1952 abin ya shiga birnin San Francisco na Amurka, daga nan ya watsu a otal-otal na duniya. Wuski kuwa, aƙalla kashi 40 cikin ɗari nasa sinadarin maye ne. Kuma ba a dafa shi, zubawa kawai ake yi a miƙo maka. Akwai ɗan uwansa da ake yi da Baileys, wanda a ido kamar madara yake, alhali kashi 17 cikin ɗari nasa maye ne.

Sitawut kuma giya ce ta hatsi. Baƙinta ya samo asali ne daga sha'ir da aka soya har ya yi duhu. Mafi shahararta ita ce Guinness, wadda Arthur Guinness ya kafa masana'antarta a Dublin a 1759. A farkon shekarun 1960 aka gina mata masana'anta a Ikeja, ta farko a wajen Ailan da Birtaniya. Wadda ake yi a Najeriya tana da kashi 7.5 cikin ɗari na maye, kuma ana sa dawa wajen yin ta. Eh, dawar nan da muke nomawa. A taƙaice, 'yar uwar burkutu ce da aka sa wa kwalba da tambari.

Masu gashi suna zuba ta a kek ɗin cakulet ne saboda ɗacinta yana fito da ɗanɗanon cakulet ɗin. Barasa irin su ram da barandi kuwa, ana jiƙa zabibi da su don ƙamshi, kuma don kek ya daɗe bai lalace ba.

HUKUNCI BA YA BIN SUNA

Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) cewa wani mutumin Yaman ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da wani abin sha da suke yi da dawa a ƙasarsu. Annabi (SAW) bai tsaya kan sunan abin ba, bai tsaya kan hatsin ba. Tambaya ɗaya ya yi masa, shin yana sa maye? Da ya ce eh, sai ya bayyana masa cewa duk mai sa maye haramun ne. Abu Dawud da Tirmizi kuma sun ruwaito cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Kuma Annabi (SAW) ya ba da labarin cewa wasu daga al'ummarsa za su sha giya suna kiran ta da wani suna.

Ku dubi kofi kansa. Kalmar ƙahwa, wadda muka mayar gahawa, a tsohon Larabci ɗaya ce daga sunayen giya. Da wannan abin sha ya yaɗu daga Yaman zuwa Hijaz, an yi ta gardama a kansa, har aka hana shan sa a Makka a 1511. Daga baya malamai suka bincika suka ga ba ya gusar da hankali, sai fatawa ta tabbata kan halaccinsa. Lokacin da muke karatu a ƙasar Larabawa, da gahawa da dabino malamanmu ke tarbar baƙi. Ga abu mai sunan giya amma halal ne. Ga kuma abu mai sunan kofi amma haramun ne. Abin da ke cikin kofin ake dubawa.

SHIN WUTA NA CINYE GIYA?

Wannan ita ce maganar da ta ruɗi 'yar uwarmu, kuma ta ruɗi mutane da yawa. Amsarta ta fuska biyu ce.

Ta fuskar bincike, maganar ba gaskiya ba ce. A 1992 masu bincike a Amurka, tare da ma'aikatar noma ta ƙasar, sun auna yawan sinadarin maye da ke saura a abinci bayan dahuwa. Wanda aka gauraya aka gasa ko aka dafa na minti 15, kusan kashi 40 cikin ɗari na mayen yana nan. Na minti 30, kashi 35. Na awa ɗaya, kashi 25. Sai an kai awa biyu da rabi kafin ya sauko kashi 5. Burawni kuwa gashinsa bai cika wuce rabin awa ba, domin so ake cikinsa ya zauna da danshi. Wuta tana rage giya, ba ta ƙarar da ita.

Ba ina cewa yanka ɗaya zai sa mutum tangaɗi ba ne. Ba zai sa ba. Amma wannan ya kai mu fuska ta biyu, wadda ita ce asali.

A Suratul Ma'ida, aya ta 90, Allah bai tsaya ga hana mu buguwa ba. Umartar mu ya yi da mu nisanci giya. Nisanta ta fi barin sha faɗi. Wanda ya saya, ya ɗauko, ya ajiye a kicin, ya auna a kofi, ya zuba a kwaɓi, bai nisanta ba, ko da bai kurɓa ba. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito tsinuwa kan mutum goma game da giya, cikinsu har da mai saye, da mai sayarwa, da mai ɗauka, da mai cin kuɗinta.

Malaman fiƙihu ma ba yau suka san wannan mas'ala ba. A mazhabarmu ta Malikiyya giya najasa ce, kuma a Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, an bayyana cewa naman da aka dafa da najasa ba ya tsarkaka. Malaman Hanafiyya sun yi magana ƙarara kan gurasar da aka kwaɓa da giya, suka hana cin ta. Gaskiya ne wasu malamai, irin su Rabi'a da Laisu bin Sa'ad, suna ganin jikin giya ba najasa ba ne. Amma saɓaninsu kan taɓa tufa ne da jiki. Babu wanda ya ce a zuba ta a tukunya.

Sai tambayar da na aika wa 'yar uwarmu: in da gaske wuta na cinye ta ba saura, don me za a ɓata kuɗi a saye ta? Ana zuba ta ne don a ji ta. Ɗanɗanon da ake nema nata ne. Wannan shi ya raba mas'alar da ɗigon najasa da ya faɗa ruwa mai yawa bisa kuskure, ya ɓace ba launi ba wari ba ɗanɗano. Wancan tsautsayi ne da shari'a ta yi rangwame a kansa. Wannan kuwa da gangan ne, kuma alamar ake so.

KADA KUMA MU WUCE GONA DA IRI

Na san halinmu. Wani yana gama karanta wannan zai ce daga yau kek haramun ne. A'a. Asalin abinci halal ne har sai dalili ya zo.

1. Burodi da fanke da ake sa wa yis halal ne. Ɗan tsamin da kwaɓi ke yi idan ya tashi ba giya ba ne, ba wanda ya taɓa buguwa da burodi.

2. Kunun zaƙi, fura da nono, da zoɓo halal ne. Annabi (SAW) ya kasance ana jiƙa masa zabibi a ruwa yana sha har zuwa kwana na uku, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas (RA). Sai dai in abu ya kwana ya kwana har ya fara kumfa da warin giya, a zubar.

3. Khal, wato binega, halal ne. Annabi (SAW) ya ci, ya yabe shi.

4. Lemon malt na kwalba da gwangwani, wanda ba ya sa maye, halal ne a kansa. Wanda ya bar wani iri saboda kamfanin giya ne ke yin sa, tsantseni ya yi, Allah ya ba shi lada. Amma kada ya ce wa mai sha ya sha giya.

5. Ruwan ƙamshin banila. A dokar Amurka, tsantsar ruwan banila sai ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin ɗari na alkohol, domin da shi ake tatso ƙamshin. A nan malaman zamani sun yi saɓani. Taron malaman fiƙihu da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 ya yi rangwame kan ɗan abin da ake narkar da ƙamshi ko launi da shi a abincin kanti, saboda ƙanƙantarsa da wuyar kauce masa. Wasu malamai sun hana. Shawarata ga mai gashi: tunda akwai na gari da wanda ba alkohol a kasuwa, ki ɗauki wanda ba shakka a cikinsa. Amma ba ma ɗora wannan a mizani ɗaya da tuttula kwalbar giya a kwaɓi.

6. Akwai garin madarar kofi da ruwan zaƙi da ake rubuta wa Irish cream alhali ƙamshi ne kawai, ba maye. A karanta bayan kwalba.

AMSA GA ƊAN UWANMU NA KEBBE

Ka kwantar da hankalinka. Ba ka sani ba, kuma da ka sani ka ajiye. Allah ya ɗauke wa wannan al'umma laifin kuskure da mantuwa. Hadisin kwana arba'in yana kan wanda ya sha da gangan yana sane. Shi ɗin ma malamai sun ce ladan ne yake rasawa, sallar ba ta faɗi a kansa ba, kuma ƙofar tuba a buɗe take. Kai dai ka kurkure baki, ka ci gaba da sallarka.

Amma ka ɗauki darasi biyu. Na farko, a irin waɗannan wurare ka riƙa tambaya kafin ka ce a kawo. Ba ƙauyanci ba ne. Mai ciwon suga yana tambaya ko da sukari, ba wanda ke yi masa dariya. Na biyu, an ruwaito hani ga mumini ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. In aiki ya tilasta maka zuwa, ka ci abincinka, in an fara kawo kwalabe ka nemi uzuri cikin mutunci.

AMSA GA 'YAR UWARMU TA TAMBUWAL

Abin da kika ɗanɗana a wurin koyo bisa zaton wuta ta cinye, ki yi istigfari, Allah mai gafara ne. Rashin kwanciyar zuciyar nan da kika ji, alamar imani ce, ki gode wa Allah a kanta.

Bokitin kuwa, ba a amfani da shi, ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi. Muslim ya ruwaito cewa wani mutum ya kawo wa Annabi (SAW) kyautar salkar giya bai san an haramta ba. Da ya ji, sai ya yi shawarar a sayar, Annabi (SAW) ya sanar da shi cewa wanda ya haramta shan ta ya haramta sayar da ita. Nan take mutumin ya kwance bakin salkar ta tsiyaye. Cinikin da kika yi ɓatacce ne, kina da damar neman kuɗinki. In an ba ki, alhamdu lillah. In ba a ba ki ba, ki zubar duk da haka. Ki wanke bokiti da kwanoni da ruwa, sun tsarkaka.

Na san akwai ciwo. Kuɗin adashi ne, wata da watanni ana zubi. Amma ki tuna Abu Ɗalha (RA). Akwai marayu a hannunsa da suka gaji giya. Ya tambayi Annabi (SAW), aka ce ya zubar. Ya nemi ko ya mayar da ita khal don kada dukiyar marayu ta salwanta, aka ce a'a. Dukiyar maraya fa, wadda Alƙur'ani ya yi kashedi mai tsanani kan taɓa ta. Kuma Anas (RA) ya ba da labarin ranar da aka yi shelar haramcin, yana cikin zuba wa mutane a gidan Abu Ɗalha. Ba wanda ya ce bari in ƙarasa na hannuna. Aka tuntsurar da tuluna har ta gudana a lungunan Madina. Su ma da kuɗinsu suka saya.

Ki kuma tuna su wa za su ci kek ɗin nan. Amarya da ango a ranar farko ta zamansu. Tsofaffi masu azumin Litinin da Alhamis. Yara 'yan Islamiyya. Ba wanda zai tambaye ki me kika sa, domin sun yarda da ke. Wannan yardar ita ce jarinki na gaskiya, ta fi bokiti goma.

Kuma sana'arki ba za ta tsaya ba. Ɗacin da ake nema a sitawut, baƙin kofi mai kauri yana ba da shi, ƙwararrun masu gashi sun daɗe suna sa shi a kek ɗin cakulet. Lemon malt ma yana shiga. Zabibi kuwa ki jiƙa shi a baƙin shayi mai ƙarfi ko ruwan lemon zaƙi, da ɗan kirfa da kanumfari. Sai dai ki kula: wannan ba ya daɗewa kamar na barasa. Da zafin garin nan da halin wutar lantarkinmu, in kika bar shi kwanaki a waje zai tsimu da kansa, ki gudu daga giyar kanti ki faɗa ta gida. Ki jiƙa yau, ki gasa gobe, kuma ki gasa kusa da ranar biki.

Mai son kofi bayan cin abinci kuma, ga kofi, ga madara, ga citta da kanumfari. Zafin da wuski ke sa wa ƙirji, citta ma tana sa shi, kuma za ka tashi sallar asuba da hankalinka.

NASIHA GA KOWA

A jihar Sakkwato tun shekarar 2000 aka dawo da aiki da shari'a, an hana sayar da giya a fili. Wannan gari na Tambuwal ribaɗi ne na Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, Allah ya jiƙan su. Yaranmu da yawa sun tashi ba su taɓa ganin kwalbar giya a kan tebur ba, wannan ni'ima ce. Amma ita ce kuma ta sa ba su san sunayenta ba. Yau girki a waya ake koyon sa, mai koyarwa yana wata ƙasa, ba addininku ɗaya ba, kuma shi a wurinsa ba laifi ya yi ba. Ba zagin sa za mu yi ba. Namu shi ne mu san abin da muke kwafa.

Don haka ku riƙe waɗannan kalmomi yadda ake rubuta su a takardar abinci da bayan kwali: stout, beer, wine, rum, brandy, whisky, liqueur, sherry. Duk inda kuka ga ɗaya a jerin kayan haɗi, ku dakata. A cakulet ɗin tsaraba daga waje, da kek ɗin kanti mai zabibi, a nan aka fi samun su.

Masu ba da aikin kek, ku tambaya cikin ladabi me ake jiƙa zabibi da shi. Tambaya ba tuhuma ba ce. Kuma kada wani ya ɗauki wannan rubutu ya je yana nuna gidan wance da yatsa. Mafi yawan matanmu masu wannan sana'a ba su taɓa kusantar wannan abu ba, neman halal suke don rufin asirin 'ya'yansu. In kuma mai yi muku kek ta ce ba zai kai mako a ajiye ba saboda ba ta sa barasa, kada ku rage mata kuɗi. Addu'a ta cancanta.

Magidanta, in iyalinku za su koyi sana'a, ku zauna ku duba takardar kayan haɗin tare da su. Kiwo ne Allah ya ba ku, kuma za a tambaye ku.

Jiya da yamma maiɗakina ta gaya mini 'yar uwarmu ta haƙa rami a bayan gida ta juye bokitin, ta mayar da ƙasa. Kuɗinta ba su dawo ba. Bikin Kebbe saura kwanaki, yanzu tana neman abin da za ta sayi sabon zabibi. Ku sa ta a addu'a.

Allah ya mayar mata da mafi alheri, ya sa albarka a sana'arta. Allah ya ciyar da mu halal, ya shayar da mu halal, ya tsare cikunanmu da na 'ya'yanmu daga haram. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma daga gare ni ne.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.